Ƙashi Lafiya Lau

A Aliero aka haife ni, garin masu ɗori,
sai na kai ƙuguna wurin Nomau.
Ya latsa, ya ce: ƙashinki lafiya lau, Tumba.

Ban faɗa masa buta ta gaji da ni ba,
sau tara tsakanin lisha da asuba,
ɗigo uku, sai raɗaɗi kamar barkono a mara.

A Birnin Kebbi aka auna fitsari, ba ƙwayar cuta.
Likita ta zana mafitsara bayan kati,
ta ja layi zuwa ƙugu:
nan ke ƙuna, can ke kuka.

Na bar yaji, na bar shayi.
Albasa kuma a zaune nake tsince ta,
gorar ruwan ɗumi ɗaure a zanina.