Lamba Biyar

A Aboabo, bayan la'asar, kusa da teburin Inusa mai shayi,
nake ɗinke ƙwallayen da yara suka fasa.
Basilla a hannu, gwiwar hagu na yi min tuni
da shekara goma sha huɗu da na yi ina tsaron baya.

Jikana Rafiƙu ya iso da gumi:
"Kaka, yau uku na zura."
Na ce, su kuma nawa?
Ya sosa ƙeya. Huɗu.

Zauna, yaro.
Ubana ya ce a zamaninsu biyar ke gaba,
biyu rak a baya, kamar masu gadin Kejetia da dare,
rumfa dubu, tocila ɗaya.
Raga ta sha har ta ƙoshi.
Da aka gaji da ɗiban ruwa da kwando
sai aka janyo mutum ɗaya baya,
aka sake janyo wani.

Da zamani ya iso kaina mun zama garu.
Mu ci ɗaya, mu ja ƙyaure, mu sa sakata,
in mayar wa gola Seidu, ya rungume ta kamar jinjiri,
ya ajiye, ya sake ɗauka,
'yan kallo na hamma, suna jifanmu da ɓawon lemu.
Kunnen doki a Obuwasi, mu dawo Kumasi da waƙa a mota.

Sai masu doka suka ce ya isa.
Gola, in naka ya ba ka da ƙafa, hannu haram.
Mai nasara, maki uku.
Mai shara ta baya, ga jan kati, je ka wanka.
Suka kwance mana zane ɗaya bayan ɗaya,
ku kuka samu fili kuna rawa.

Amma faɗa min, in ƙwallo ta kuɓuce maka,
wa kocinka ke yi wa ihu ya bi ta?
Kai.
Tsaro bai mutu ba, ƙaura ya yi,
ya tare a ƙafarka ba ka sani ba.

Dubi wannan fatar.
Kowane ƙyalle jan ɗan'uwansa yake.
In na tsananta zare a gefe guda
ƙwai zan ba ka, ba ƙwallo ba.

Akwai wata Lahadi da ruwa ya tsuge,
Seidu kwance cikin taɓo,
na cire ta a kan layi da wannan gwiwar.
Jarida ba ta rubuta ba.
Ba a ƙirga cin da bai faru ba.

Rafiƙu ya kurɓi shayina, ya ce,
"Kaka, wa zai biya kuɗin ƙofa
don ya kalli abin da bai faru ba?"

Inusa ya yi dariya har madara ta zube.
Na ciji zare, na buga ta ƙasa, ta dawo hannuna daidai.
Ungo, na ce.
Gobe ka zura ukun,
amma in sun taho, ka waiwayo.