Aljihun Tebur

Abin jin bugun ƙirjina yana aljihun tebur,
shi da hatimi da guntun goro.
Wata bakwai rabon da in rataya shi.

Sunana yanzu a maƙale yake a ƙofa, hawa na biyu,
a ƙasansa an rubuta Darakta.
Masinja ke buɗe min, sakatare ke cewa ba na nan,
ni da ake tasa da tsakar dare
in keto Ƙofar Mata da takalmi wari-wari
don jini ya ɓalle wa wata a ɗakin haihuwa.

Yau majinyacina kasafin kuɗi ne.
Na danna cikinsa, bashi ya kumbura shi:
man janareta, safar hannu, albashin masu shara.
Ba ya nishi, ba ya godiya.

Jiya wani kamfani a Bompai ya kira,
shawara suke so, awa biyu, har da shayi,
ladan ya fi na kwana talatin a tsaye.
Na karɓa. Me zan ɓoye? Na karɓa.

Ina saukowa da la'asar Baba Tanimu mai gadi ya tare ni:
"Likita, jikan nan nawa, tari."
Na laluba wuyana, igiyar kati na ji.
Sai na durƙusa na kafa kunne a haƙarƙarin yaron.
Ɓangaren dama na kuka.

Na rubuta magani. Aka ce ya ƙare.
Takardar sayo shi tana sama, a kan teburina,
tun Talata take jiran hannuna.

Matakala ashirin da huɗu ce.
Ban taɓa ƙirgawa ba sai yau.