Me Aka Ce Bayana?

Tun ranar da babur ya karya ƙafar Baba Sallau
a gangaren Katako,
aka ɗora mini aikin da ba albashi:
ni ne kunnensa a benci.

Bayan la'asar sai in rufe rumfar faci,
in wanke baƙin taya daga hannuna,
in raɓa a ƙarshen bencin Barau mai shayi,
inda tsofaffi shida ke juya duniya
kamar sukari a gindin kofi.

Da an idar da magariba, in tura ƙyaurensa.
Ban gama sallama ba zai tare ni:
"Me aka ce bayana?"

Ba ya karɓar ɗumame.
"Wannan na ji shi jiya, Tanimu.
Kawo mai tururi."

Sai in zazzage masa buhuna.
Dankali ya tashi a Farin Gada,
Mati ya ce ruwa ne ya yi yawa,
Jatau ya ce ƙarya ne, direbobi ne.
An koma musun shekarar da ƙanƙara
ta huda kwanon masallacin Gangare,
har Barau ya bar madara ta zube.

A bayan tsohuwar kalanda yake rubutu,
da biro mai cizo a kai:
wa ya tada, wa ya amsa,
wa ya sha kaye ya fake da tari.
In na tsallake suna, sai ya ɗago ido:
"Dung fa?"

Dung, abokin musunsa
tun suna wankin kuza a Bukuru.
In wannan ya ce gabas, wancan ya ce yamma,
ko da rana na kallonsu.
Ni ke kai amsa, ni ke dawo da ita,
kullum da zafinta, kamar ƙosai a takarda:
"Ka ce masa bai san lissafi ba."
"Ka ce masa ƙafar ce ta karye, ko kan?"
Baba ya yi dariya har sai ɗaurin ya motsa.

Ran Laraba wurin Dung ba kowa.
Ran Alhamis aka ce yana asibiti.
Ran Asabar na ji ƙarar ƙararrawar cocinsu
ba lokacinta ba.

Ladidi ta tare ni a zaure:
"Jininsa ya hau. Don Allah, ka bari tukuna."

Na bari.
Kwana biyu ina ɗinka wa mamaci magana,
ina aro muryarsa a hanya,
ina gwada ta a bakina kafin in shiga.
A na uku dabara ta ƙare mini,
na ce, "Dung ya ce gaskiyarka ne."

Biron ya tsaya.

Sanyin Jos ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa
ya zauna tsakaninmu.
Ya daɗe yana duban kalandar,
layi bisa layi, sunan nan ɗaya.

"Shekara arba'in da huɗu," ya ce,
"bai taɓa ba ni gaskiya ba.
Yaushe?"

Na faɗa masa.

Bai ce in ci gaba ba.
Ya ninke takardar gida huɗu,
ya tura ƙarƙashin matashi,
ya juya fuska ga bango.

Washegari na zo da buhuna cike:
an kama ɓarawon mita, fetur ya sauka,
Jatau ya yi jika.
Ya bar ni na gama tsaf.
Sannan ya ce, "Wa ke zama a wurinsa?"

Na ce ba kowa. Barau ya kife kofinsa a kai.

"To. A bar shi haka.
Yana bina amsa guda,
kuma na same ta tun daren jiya."