Wa Ke Riƙe da Zaren?

Asuba a Valparaíso, bakin tashar masunta,
hannuna duk ƙarnin kifi.
Rayén na zaune kan akwatin ƙanƙara,
hasken waya ya wanke mata fuska.

"Baba, shekarunsa sha uku, kamar ni.
Hotona kawai yake so, cikin rigar makaranta.
Wai kada in gaya wa kowa."

Rigar nan mai tambari a ƙirji,
tambarin da ke faɗin unguwa,
unguwar mai matakala ɗari da tara
da take hawa ita kaɗai, ƙarfe huɗu.

Ban yi tsawa ba.
Tsawa ɓoye-ɓoye take koya wa yaro.
Na ɗauko ƙugiya, na soka mata tana.
"Me kifi ke gani?"
"Abinci."
"Wa ke riƙe da zaren?"

Ta yi shiru. Tsuntsayen teku suka cika shirun.

"Duk wanda ya ce kada in ji,
labarinsa zan fara ji.
Wayar kuma taki ce, ba zan ƙwace ba."

Da yatsanta ta toshe shi, ba da nawa ba.
Ta ce hannuna na wari,
ta riƙe shi duk da haka
har gindin matakala.