Bokitin Laka

Shekara goma sha tara ina auna ruwan Maumee,
kwalba-kwalba, safe da yamma,
ina zuba lambobi a rahoto mai kauri
da ba mai taɓa shi sai ni da ƙura.

Sai Misis Kowalczyk ta aiko daga makarantarsu ta gabashin Toledo:
"Zo ki gaya wa 'yan aji biyar abin da ke damun kogi."

Na je da jadawali da manyan kalmomi.
Minti arba'in kan sinadarin takin zamani.
Darnell ya kifa kai a tebur,
Yesenia ta ƙura wa agogon bango ido.
Da na gama aka yi tafi, irin na kara.

A bakin ƙofa malamar ta riƙo hannun rigata:
"Barira, takarda kika kawo musu.
Ina kogin?"

Da Talata ta zagayo na shigo da bokitin laka,
takalmin roba har gwiwa, ina ɗiga a siminti.
Na juye a faranti. Ban ce kowa ya taso ba,
kujeru ashirin da shida suka zama ba kowa.
Ga tsutsa da gidan yashi a bayanta,
ga ɗan kifi bai kai farce ba,
ga wari, wanda ya fi ni iya bayani.

Darnell ya ce, "Kifin ya san ruwansa ya lalace?"
Na buɗe baki. Digiri biyu, babu amsa.
Na ce, "Ban sani ba."
Ashe ba ta kisa.
Malamar ta rubuta ta a allo, ta ja layi a ƙasa,
ta ce daga nan za mu fara.

Ƙanƙara ta rufe kogin sau biyu tun ranar.
Na koyi durƙusawa har idona ya zo daidai da nasu,
na koyi yin shiru, hannu a aljihu,
har tambaya ta nuna da kanta.
An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi;
ni da na bushe suka tanƙwara, ban kuwa karye ba.

Jiya a gaɓar tafki, ruwa ya yi kore shar,
wani dattijo mai ƙugiya yana tsaki, yana ɗora wa zafi laifi.
Kafin in motsa leɓe Yesenia ta riga ni:
"Ruwa ba ya tsami banza. Daga gonaki yake gangarowa."
Karin maganar kakata a bakin 'yar Toledo.

Na rufe littafina.
Na riƙe mata kwalbar.