Gado na Tara

Ƙarfe biyu saura na dare wuta ta ɗauke a ɗakin maza,
janareto ya yi tari sau uku kafin ya kama.
Ni ce autar masu aikin kwana, wata biyar da sa farin kaya,
hular ma aro ce,
tawa tana kan igiya a Unguwar Sanusi, ruwa ya jiƙa ta.

Gado na tara, Baba Ɗantani, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri.
Suga ya ci ƙafarsa, zazzaɓi ya ci hankalinsa.
Na zo da allura a faranti, na yi sallama,
na ce, "Baba, miƙo hannun."
Ya miƙo.
Amma a dunƙule.

Ban ji zafi nan take ba. Ƙara na ji,
kamar murfin tukunya ya faɗi kan siminti,
sai farantin yana ta juyawa a ƙarƙashin gado,
sai ɗanɗanon gishiri a bakina.
Masu jinya da ke kwance a baranda suka ɗago kai,
wani ya ce, "Ai su ma bakinsu ba linzami,"
ya ja zani ya koma barci.

Sista Kasham ba ta ce sannu ba.
Safar hannu ta cika da ruwan sanyi, ta ƙulle bakinta,
ta danna mini a leɓe.
Sannan ta nuna mini ƙaramin yatsanta da ba ya lanƙwasuwa:
"Wannan ɗakin haihuwa ne. Mijin wata.
Laifinmu mun ce a nemo jini, ya maƙe ni da ƙofa."
Shekara ashirin da biyu tana riƙe biro da yatsu huɗu.
Ta turo mini babban littafi, ta ce in rubuta.
Na buɗe, shafi bayan shafi,
mari, tofi, cizo, jifa da kwanon tuwo,
ba mai karanta shi sai kyankyasai.

A aji an koya mana farautar jijiya a hannun jariri,
an koya mana ƙirga bugun zuciya,
da wankin hannu har tsakanin yatsu.
Ba malamin da ya ce,
ki tsaya ta inda ƙofa take kusa da ke.

Da asuba zazzaɓin ya sauka.
Baba ya buɗe ido, ya daɗe yana kallon fuskata.
"'Yata, wane marar tsoron Allah ne ya yi miki haka?"
Na dubi hannun nasa kwance kan zanin gado,
siriri, da robar ƙarin ruwan da ni na sa masa,
da ɗan kumburi a bayan yatsu.
Na ce, "Ƙofa ce, Baba."
Ya ce, "Ki riƙa kula. Kina da wahala a aikin nan."
Ya yi ta sa mini albarka har na gama auna shi.

Shi na yafe masa, bai san ya yi ba.
Amma mai babbar rigar da ya tofa wa Iliya yawu shekaranjiya
don an ce ya bi layin kati,
lafiyarsa ƙalau, da agogo a hannunsa.
Wannan ban san inda zan ajiye shi ba.
Haƙuri maganin zaman duniya, haka ake ta ce mana,
to amma magani ma yana da ƙa'idar sha,
in ya wuce kima guba ne.

A keke napep na rufe baki da gyale har gida.
Inna za ta tambaya,
kuma ita ba za ta yarda da zancen ƙofa ba.

Yau ma ni ce da kwana.
Hulata ta bushe.
Zan zo masa ta hagu, inda hannun ke ɗaure da ruwa,
zan ajiye farantin nesa kaɗan,
in yi sallama.