Ajiyar da Ban Buɗe Ba

A bayan shagona, can gangaren Dilimi,
inda nake gyaran wayoyin da suka sha ƙasa,
akwai wata na'ura mai gurnani cikin sanyin Jos.
Shekara uku ban bar ta ta runtsa ba.
In an ɗauke wuta, in tada janareto,
in hana bakina tsire, in saya mata fetur.

Littafin ciniki take riƙo,
na kuɗin da hannu bai taɓa jin ɗuminsu ba:
wane ya ba wane, ranar kaza, adadi kaza.
Kowane shafi a ɗaure da na bayansa,
kamar sarƙar da maƙeri ya narke bakinta,
ga kwafinsa a hannun dubban baƙi
har ƙasashen da ke kwanciya sa'ad da muke tashi.
Abin da ya ja ni ke nan: babu mai gogewa.
Na sha gaya wa Tasi'u, yaron shagona,
"Nan tawada ba ta karɓar cin hanci."

Sai jiya Sadisu ya shigo da shayi kofi biyu,
ya ƙi zama.
Ya ce, "Ka san tsakanin lambobin nan akwai ɗan fili,
kamar gefen takarda?
An ce wasu sun cusa ƙazanta a wurin.
Hotunan yara.
Kuma duk mai cikakken kwafi, yana da su."

Shayin ya huce a hannuna.

Kakana Ɗanlami kuza ya wanke a Bukur,
ƙafa cikin ruwa tun asuba,
ya juya kwano, ya juya,
yashi ya tafi, baƙin ya zauna.
Ni wane kwano zan ɗauka?
In na tsame tsaba ɗaya, sarƙa ta tsinke,
sauran su ce littafina jabu ne.

Goggo Lanti mai dankali a Farin Gada
tana da littafin bashi, duk maiƙo.
Ran da wani mai bashinta ya rasu
ta yage shafinsa, ta hura wuta da shi,
ta ce, "Na yafe."
Dariya na yi mata a lokacin.
Ashe yagewa ma rahama ce.

In hukuma ta ƙwanƙwasa,
ba za ta tambayi wanda ya zuba ba,
a ɗakin wa aka samu, shi ne zancen.
In ce ajiya ce. A ce ta wa?
In ce ta kowa.
To, Kowa ba shi da lambar shago,
Kowa ba ya biyan haya a Dilimi.
Ni ne mai suna a jikin allo.

Amma ba ankwa ce ta hana ni barci ba.
Wata yarinya ce da ban san sunanta ba.
Wataƙila ta girma, tana zana jarrabawa,
tana koyon yadda ake mantuwa,
alhali yinin da aka zalunce ta
yana kwance a bayan shagona, bai tsufa ba,
kuma ni ke saya masa fetur.

Na tuna tafkunan da haƙar kuza ta bari,
ruwa kore, shiru, kamar ba ya cin mutum.
Masu haƙa sun kwashe nasu sun tafi,
ramin ya zama gadon wanda bai haƙa ba.

Na san ko na kashe tawa,
dubbai na nan a kunne.
Guga ɗaya ba ya ƙafar da tafki.
Sai dai guga na da ikon cewa
ba da shi za a ɗebo ba.

Da magariba aka ɗauke wuta.
Tasi'u ya ɗauko galan, ya tsaya a ƙofa:
"Maigida, in zuba?"
Na dubi ɗan koren fitilarta yana ƙifta ido,
batir na ƙirga sauran numfashinsa.

Na ce, "Ajiye tukuna.
Miƙo min kujera."